Malama Ku-Rubuta da Soson da Ya Ƙi Yin Tsatsa

Maiɗakina malamar kimiyyar sinadarai ce, darasin da yara ke kira kemistiri. Ni kuwa tela ne. Shagona a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na buɗewa tsakar gida, don haka duk abin da ya faru a ajinta da safe, kafin la'asar ya iso gindin keken ɗinkina. Ban taɓa taka ajinta ba, amma na san yaron da ke barci a layin baya, na san yarinyar da ba ta zuwa da biro.

Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, mai ɗaukar hoto ne tun lokacin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu. Tana ƙarama takan tsaya kusa da shi tana kallon farar takarda cikin faranti. Ya girgiza ruwan a hankali, sai ga hancin mutum ya fito, sai ido, sai kunne. Ta tambaye shi me ke cikin ruwan, ya ce magani. Ta ce wane iri, ya ce irin na hoto. Amsar nan ba ta ishe ta ba, ita ta yi ta bi har ta kai ta kwalejin horon malamai.

Sai dai makarantar da aka tura ta, yara sun yi wa benci yawa, ɗakin gwaje-gwaje kuma ɗaya ne tak, da 'yan kwalaben gilashi da ake lallaɓawa kamar ƙwai. A shekararta ta farko wani yaro ya ture tire guda ya tarwatse, wata kuma ta ƙona hannun rigarta. Malama ta kulle ɗakin, ta jefa makullin a jaka, ta koma allo. Ba a buɗe shi sai jarrabawa ta matso, a share ƙura, a nuna wa yara kayan daga nesa.

Daga nan ta zama gwanar shifta. Tana shiga aji, tun kafin ta ajiye jaka, sai ka ji, "Ku rubuta." Yara suka sa mata Malama Ku-Rubuta. Ta san da sunan, ko a jikinta, don yaranta suna cin jarrabawa, iyaye har roƙo suke a sa 'ya'yansu a ajinta. Wata rana na raka ta asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ta zo auna ta, ashe tsohuwar ɗalibarta ce, ta washe baki ta ce, "Malama Ku..." sai ta haɗiye sauran. Malama ta miƙa mata hannu ta ce, "Ƙarasa mana. In kin gama awon kuma, ki rubuta."

Haka aka yi shekara da shekaru, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ritaya ta fara matsowa. Sai ga Tabarau.

Tabarau tsohuwar ɗalibarta ce, ta sami sunan tun tana aji ɗaya saboda ƙaton gilashin da ke zamo mata kan hanci. Da ita Malama ke ba da misali duk lokacin da take yi wa malalata faɗa. Yanzu ta zama malama a jami'a, bincikenta kuma a kan yadda yara ke fahimtar darasin sinadarai yake. Ta zo gida da yamma ta gaishe mu, ta ce alfarma take nema, a ba ta wasu ɗalibai ta yi hira da su ɗaya bayan ɗaya.

"Jarrabawa za ki yi musu?" in ji Malama.

"A'a, Malama, hira ce kawai. Tambayoyin ma ba daga littafi suke ba."

"To ai shi ke nan. Wanda ya iya na littafi, na waje wasa ne a wurinsa."

Ta tsamo mata zaratan ajin, ta kuma ce za ta zauna a gefe ta saurara, don ta ji daɗi.

Ran nan ta dawo gida ko sannu da aiki ba ta yi min ba. Ta wuce ɗaki, ta fito, ta zauna kan bencin masu jiran ɗinki.

"Malam, ajiye almakashin nan in tambaye ka. In ruwa ya tafasa sosai, kumfan nan da ke ɓulɓulowa daga ƙasan tukunya, me ke cikinsa?"

Na ce, "Iska mana."

"Soson ƙarfe na wankin tukunya, in ya yi tsatsa, nauyinsa ƙaruwa yake ko raguwa?"

"Raguwa. Tsatsa ai cin ƙarfe take."

"In ka zuba sukari a ruwa ya narke, nauyin sukarin yana nan ko ya tafi?"

Na ɗan yi tunani, don na ga fuskar ba ta wasa ba ce. Na ce, "Rabi ya tafi."

Ta ja tsaki. "Kai da sauƙi, ba ka taɓa zama ajina ba."

Ashe duka ukun na faɗi. Kumfan tururi ne, wato ruwan ne da kansa ya koma haka. Ƙarfen da ya yi tsatsa nauyi yake ƙarawa, don wani ɓangare na iska, wanda ake kira oksijin, ya haɗu da shi ya zauna. Sukari kuwa yana nan daram, ido ne kawai ba ya ganinsa. Abin da ya ɓata mata rai shi ne, amsar da ni tela na bayar, ita zaratan nata suka bayar. Akwai yaro ɗaya, na ɗaya a ajin, da ya rubuta lissafin tsatsa a allo ba kuskure, ga oksijin ɗin a ciki ɓaro-ɓaro. Da aka ajiye masa soso a gabansa, sai ya ce raguwa zai yi. Tabarau ta nuna masa abin da ya rubuta da hannunsa, ya ce ai wannan na jarrabawa ne.

Da za su rabu kuma Tabarau ta ce mata, "Malama, kar ki damu, ko'ina muka je haka muke samu. Ni kaina sai da na shiga jami'a na san ba iska ba ce a cikin kumfan." Don ta kwantar mata da hankali ta faɗa, sai ya zama fama ciwon ta yi.

Malama ta yi kwanaki tana fushi. Da farko da Tabarau, wai yarinyar da ta raina da hannunta ta zo mata da tambayoyin tarko. Daga baya da masu rubuta littafi. Sannan da ni, har yau ban san laifina ba. Wata Asabar sai na ji ta ɗauki waya ta ce, "To ke mai bincike, kin gano ciwo. Maganin fa?"

Tabarau ta zo suka zauna a tsakar gida, ni ina jin su ta ƙofar shago. Ta ce yaro ba da kai fayau yake zuwa aji ba. Ya riga ya ga ƙarfe ya ruɓe, ya ga sukari ya ɓace, ya yanke hukuncinsa tun a gida. In aka ba shi shifta sai ya sa ta a aljihu ɗaya, nasa tunanin yana ɗaya aljihun, ba sa taɓa haɗuwa. Abin da suke gwadawa yanzu shi ne a fara da tambaya. Kowa ya faɗi abin da yake zaton zai faru, ya ɗaga hannu a gan shi, ya juya ya yi gardama da na kusa da shi. Sannan a yi gwajin a gabansu, kuma su za su fara bayani kafin malami ya sa baki.

"Gardama? A ajina?"

"E, Malama. Kuma in kin yi tambaya ki ɗan jira. Na lura ba kya barin tambayar ta sauka kafin ki amsa da kanki."

Tari ya kama ni a shago. Malama ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ɗinki kake ko saurare?"

Shirun nan shi ya fi ba ta wuya. Ta gwada cije leɓe, bai yi ba. Ta gwada kallon rufi, yara suka ɗauka wani abu ne a sama, su ma suka ɗaga kai. A ƙarshe ta samo dabara da filas ɗin shayinta. Tana yin tambaya sai ta juya ta buɗe filas, ta tsiyaya, ta hura, ta kurɓa. Kafin ta rufe murfin hannaye sun tashi, har na waɗanda ba ta taɓa jin muryarsu ba. Illar abin ɗaya ce, ranar da take da aji uku a jere, ana tashi za a ga Malama ta nufi bayan ofis da saurin da ba a san ta da shi ba.

Da tsatsa ta fara. Ta aro ƙaramin sikeli wurin maƙerin zinariya na bakin layinmu, wanda sai da ya sa ta yi alkawari iri-iri kafin ya saki. Ta shiga kanti ta zaɓi soso mai kyau, mai ƙyalli, don kada a ce Malama ta zo aji da tarkace. Aka auna shi a gaban kowa, aka jiƙa, aka ajiye kan taga. Ta yi tambaya, ta juya ga filas. Masu cewa raguwa suka fi yawa, masu cewa ƙaruwa 'yan kaɗan, wasu suka ce yana nan yadda yake. Ta ce to kowa ya shawo kan maƙwabcinsa. Aji ya kaure, har shugaban makaranta ya taho da sauri yana zaton ba malami a ciki. Ya leƙo ya gan ta zaune da kofi a hannu.

"Malama, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Karatu muke."

Ya tsaya ya ji tambayar, ya ce shi ma yana tare da masu raguwa, ya tafi.

Mako ya zagayo, soso na nan yana ƙyalli kamar ranar da aka saye shi. Aka ƙara jiƙawa, aka ƙara jira, ko ɗigon tsatsa babu. Yara suka fara gaishe shi da safe, suna tambayarsa ya gajiya. Malama ta dawo gida ta ce ta gama tozarta, gobe shifta za ta koma, wanda ya ga dama ya kai ƙararta jami'a.

Washegari yarinyar nan da ba ta zuwa da biro ta ɗaga hannu ba wanda ya tambaye ta. Ta ce na gidansu kwana biyu yake ya yi jajir, me ya sa wannan ya ƙi? Malama ta riga ta gano dalilin, don ta koma ta karanta jikin ledar: irin ƙarfen nan ne da ake haɗa shi da wani sinadari musamman don kada ya yi tsatsa. Amsar har ta zo bakinta, sai ta juya ta buɗe filas. Wani ya ce ruwan makaranta ne ba shi da ƙarfi. Wani ya ce iskar taga ce ta yi yawa. Wata ta ce kowa ya kawo na gidansu a jera a gani.

Aka kawo soso iri-iri, da ƙusoshi, da murfin gwangwani. Wani ya kawo cokalin mahaifiyarsa, ta biyo sawun abinta har ofishin malamai. Aka auna kowanne aka rubuta nauyinsa, sannan wasu aka jiƙa, wasu aka bar su a bushe, wasu aka shafa musu mai. Baƙin soson nan na gama-gari ya yi ja har yana marmashewa. Aka shanya shi a faranti ya bushe sarai, aka ɗora kan sikelin maƙeri, lamba ta haura wadda aka rubuta da farko.

Ta ce min yara suka miƙe suna leƙen lambar. Can sai yaron nan na ɗaya ya ce, "Malama, sikelin ya lalace."

Ta ce ya zo ya auna da kansa. Ya auna, ya sauke, ya goge, ya sake ɗorawa. Sannan ya tsaya yana kallon lissafin da ke kan allo, ya ce a hankali, "Wai oksijin ɗin nan da gaske shiga yake?"

"Kai me ka gani?" in ji Malama.

Da aka kai wa shugaban makaranta labari, ya ce a yi masa uzuri, shi tarihi ya karanta.

Daga nan ba abin da ya tsira a gidanmu. Tabarau ta nuna mata cewa gwaji ba sai da kwalaben gilashi ba. Ɗigo biyu a kan leda ya isa yaro ya ga launi ya canja, ba fashewa, ba ƙuna, kuma kowa da nasa a gabansa. Kwalaben maganin ido da suka ƙare, Malama ta wanke ta mai da su abin ɗiga ruwa. Bawon ƙwayar maganin hawan jinina, mai ramukan nan, ya zama 'yan kwanukan gwaji. Har takan tsaya a kaina ta ce, "Ka sha na yau? Bawon nake jira." Ban taɓa shan magani a kan lokaci kamar shekarar nan ba. Maɓallaina ma suka fara raguwa, ashe sun zama ƙwayoyin zarra, yara na jera babba ɗaya da ƙanana biyu suna cewa ruwa ke nan.

Sai maganar jan kabeji. Wai in aka dafa shi, ruwan yana nuna abin da yake da tsami da wanda yake irin sabulu. Ta cika tukunya ta ɗora, gida ya ɗauki wani irin wari har maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko lafiya. Ruwan ya fito kamar tawada. Ni kuma ran nan na shimfiɗa farin yadin wani direba a kan teburin tsakar gida zan yanka. Ta zo wucewa da kwano, gefen zaninta ya kama ƙafar kujera, ruwan ya fantsama a tsakiyar yadin. Na ruga na ɗebo garin sabulu na murza, tabon ya koma kore shar.

"Tsaya, kar ka wanke," in ji Malama. "Miƙo min lemon tsami."

Ta matsa a gefe ɗaya, wurin ya koma ja. Ni ina salati, ita fuskarta kamar an yi mata albishir. Sai da na nemo wa direban wani yadin. Wancan kuwa ta tsoma shi gaba ɗaya a tukunyar, ta shanya, ta sa ni na yanyanka mata shi siri-siri, kowane yaro ya sami nasa ƙyallen gwaji. Da su suka gwada toka, da madara, da ruwan famfo, da man goge baki, da gumin mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon makaranta.

Ni ma na sami muƙami. Duk tambayar da za ta kai aji sai ta fara gwada ta a kaina. In na faɗi, tambaya ta yi kyau. Sau ɗaya na ci wata, ta soke ta nan take, wai ta yi sauƙi.

Ba kowa ne ya ji daɗin sabon salon ba. Malamin lissafi, da bango ɗaya ya raba ajinsu, ya kai kuka cewa ba ya jin muryar kansa. Malama ta zazzage jakarta, ta lalubo makullin ɗakin gwaje-gwaje, ta kwashe yaranta suka koma can, don shi a ƙarshen gini yake, ba mai jin hayaniyarsu sai mai gadi. Shi ma daga baya ya fara tsayawa bakin taga yana ɗaga hannu.

Ƙarshen shekara Tabarau ta dawo da tambayoyinta, wannan karon ita ta zaɓi yaran da kanta, zarata da na layin baya. Tsatsa kusan kowa ya samu, har da bayani. Sukari ma haka. Kumfa kuwa da yawa suna nan a kan iska, duk da an tafasa ruwa a gabansu, an tare tururin da murfi mai sanyi sun ga ya koma ruwa. Manhaja ma ba ta ƙare a kan lokaci ba, don gardama cin lokaci take, makonnin ƙarshe sai da Malama ta koma shifta, yara na dariya ƙasa-ƙasa. Sakamakon jarrabawa bai faɗi ba, bai kuma yi tashin da za a yi ta labari ba. Tabarau ta ce ita abin da take so ta sani sai an kwana biyu, wato ko abin ya zauna a kansu bayan sun bar makaranta. Malama ta ce ita dai ta ga nata tun yanzu, mai barcin layin baya ya daina barci, don ba ya son a yi gardama ba da shi ba.

Shekarun da suka rage mata haka ta yi su, tana ragewa tana ƙarawa. Ta gane wasu darussan gardama suke so, wasu kuwa faɗa wa yaro kawai za a yi a wuce. Tabarau takan turo mata malamai masu koyon aiki su zauna a ajinta. Ɗaya daga cikinsu, wani saurayi mai yawan kunya, shi ya gaje ta da ta yi ritaya.

Kwanan baya saurayin ya aiko ya ce don Allah ta zo ta ga ajinsa. Ta shirya tun da hantsi ta tafi, tana cewa ba za ta ce masa uffan a gaban yara ba, gyaran sai sun fito. Bayan azahar sai ga ta da leda a hannu, tana dariya tun daga bakin titi.

"Malam, yau na faɗi."

Na ce, "A ina? Kin ji ciwo?"

"A aji. Kyandir biyu ya kunna, dogo da gajere, ya ce in ya kife su da kwalba ɗaya, wanne zai fara mutuwa. Na ce gajere. Iskar da wuta ke fitarwa ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa za ta taru, shekara nawa ina koyar da wannan. Na ɗaga hannu, rabin aji suka bi ni don sun ga furfura."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai dogon ya mutu, gajeren yana ci abinsa. Wata 'yar ƙarama da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, 'Mama, ai da zafinta take fitowa, sama take fara zuwa.' Shi kuma malamin ya rasa inda zai sa kansa don kunya, kamar shi ya kashe kyandir ɗin."

Ta zazzage ledar a kan teburina, kyandirori ne da ashana. Ta ce kwalbar saurayin ƙarama ce, tana so ta ga ko a babba ma haka abin yake. Kafin in yi magana ta juye babbar kwalbar da nake ajiye zare, ta gutsure kyandir ɗaya ya zama gajere, ta kafa su, ta miƙo min ashana.

Muna cikin haka wani ya shigo karɓar wandonsa. Malama ta gaishe shi, ta nuna masa kyandirorin ta yi masa tambayar. Mutumin ya dubi dogon, ya dubi gajeren, ya ce gajere. Na miƙa masa wandon a naɗe, ya karɓa ya ɗora a cinya, ya gyara zama ya ce in kunna, shi ba sauri yake ba.